Ƙodar Zulai ta Dama

Da sunan Allah nake farawa, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sunana Kulu, a Durun ta ƙasar Kabo nake aure, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Boko ban same shi ba sai da furfura ta fito, a makarantar matan aure, don haka wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Abin da ya sa na ɗauki biro, shekaranjiya ina cikin tuya na ji maƙwabciyata ta kan katanga tana ce wa 'yarta, "In kika ƙara jiƙa mini katifa sai na ɗaura miki kwaɗo." Na sauke kasko na shiga gidan ko sallama ban gama ba. Ni na taɓa ɗaura kwaɗon nan da hannuna, na san inda ya kai mu.

Zulai 'yar ƙanena ce, Malam Sabi'u, malamin firamare a Kara, gidansa kuma a Gwarzo. Ita ce ta fari a wurin matarsa Hanne. Ni na haifi huɗu, duk Allah ya karɓi abinsa tun suna goye. Da aka yaye Zulai sai Sabi'u ya ɗauko ta ya dire mini a cinya, ya ce, "Yaya, ga 'yarki." Hanne ba ta ce uffan ba. To ina za ta ce? Kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce, ita kuma ta riƙe ta fiye da kowa. Ba ta ɗaukar yarinyar a gaban mutane, ba ta faɗin sunanta. In dole ta kama sai ta ce "'yar Yaya". Ni kuwa ina jin daɗin hakan, ina yabonta a gidan biki, ina cewa matar ƙanena ta san ya kamata.

Zazzaɓi ya fara wa Zulai tun tana shekara uku. Ba ya wuce wata biyu bai dawo ba. Jiki ya yi zafi rau, ta yi ta amai, ta dafe kwiɓinta na hagu. In na kai ta wurin mai kemis na kasuwa sai ya ce na sauro ne, ya yi mata allura uku, ta tashi. In ya dawo sai ya ce taifot ne. Tsofaffi suka ce shawara, aka yi surace da darbejiya. Wasu suka ce mayu, aka yi turare. Shekara shida ana wannan, ba wanda ya taɓa cewa a duba fitsarinta.

Ga kuma fitsarin kwance. Sa'o'inta duk sun daina, ita kullum safiya sai an shanya tabarma, da wani irin wari mai hawa kai. Ni mace ce mai tsafta, kuma zuciyata a kusa take, ba zan ɓoye ba. Na kafa mata doka: daga la'asar ba ruwa, ba kunu, ba fura. Wata rana da yamma na same ta a durƙushe tana lasar gumin randa, na kai mata duka. Da abin ya ƙi ƙarewa na yi yadda aka yi wa na gabanmu. Na sa aka kamo kwaɗo na ɗaura mata a ƙugu, na ɗora mata jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, yaran unguwa suka zagaya da ita suna waƙa. Matan gida suka ce na yi daidai, haka ake maganinsa.

Tun daga ranar ko da rana ba ta son a ga ta nufi banɗaki. Sai ta matse ƙafa ta zauna a kan dunduniyarta, ta yi shiru har gumi ya feso mata. Ni a zatona hankali ta fara yi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano muka je Gwarzo yawon ƙaramar Sallah, muka kwana biyu. Ashe Zulai ta jiƙa zane, ta dunƙule shi ta cusa a bayan buhun masara. Hanne ta tsince shi ta wanke a ɓoye, ba ta gaya wa kowa ba. Bayan kwana goma, da hantsi, ina tsakar gida ina matsar tunkuza, sai ga sallamarta. Ita kaɗai. Tunda aka kawo mini yarinyar ba ta taɓa taka gidana ba sai da dalilin biki ko mutuwa.

Muka gaisa, gajiya, gida, Malam, yara, kasuwa. Ta durƙusa can nesa da tabarma, ta zaro wata 'yar kwalba daga jakarta ta ajiye a gabana.

"Yaya, Sista Rahila ce ta ce a kawo mata fitsarin 'yar Yaya."

Sista Rahila maƙwabciyarsu ce, mutuniyar Filato, ma'aikaciyar jinya. A lokacin da yawa daga cikin mutanensu sun tattara sun tafi gida saboda jita-jita, ita ta ce ba inda za ta, rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Au, riƙon nawa ne bai yi miki ba, har sai da kika kai ƙarata wurin baƙi?"

Ta ce, "Allah ya tsare ni, Yaya."

"To ɗauke kwalbarki. Fitsarin kwance yau aka fara shi a duniya?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Na ga ruwan ciwo a zanen, Yaya, da ɗan jini. Ki zage ni, kin isa. Amma ba zan tashi daga nan ba sai da kwalbar nan."

Na zage ta kuwa, tas. Na ce mata marar kunya, na ce zamani ya lalace tunda uwa ke bin sawun ɗan fari. Ta zauna a durƙushe har rana ta take tsaka, inuwa ta bar ta. Daga ƙarshe mijina ya leƙo ya ce, "Kulu, ba ta abin da ta zo nema mana, ai ba naman jikinki za a yanka ba."

Na ɗauki Zulai na bi Hanne, makon farko na jinya a Gwarzo muka yi shi. Sakamakon fitsari ya fito bayan kwana uku, cike da ƙwayar cuta. Sista ta ɗaura wa Zulai abin awon jini a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta ce mini, "Mama, yarinyar nan tana ciwon kai?" Na ce kullum, amma na ɗauka rana ce. Ta ce jininta ya hau irin na tsohuwa, kuma in yaro ya yi haka ƙoda ake tuhuma. Likitan asibitin Gwarzo ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a birni. Sista ta raka mu har tasha, ta rubuta mana ƙofar da za mu shiga da wadda za mu bi, don ta san mu ƙauyawa ne.

Lokacin ana wahalar mai, mota sai an yi kokawa. Asibitin birni kuwa, wanda bai je ba ya gode wa Allah. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, layin biya daban, in ka kai gaba a ce an tashi. Auduga, sirinji, safar hannu, ruwan ƙari, komai sai an rubuta maka ka fita bakin titi ka sayo. Sabi'u ya yi watanni bai ga albashi ba. Na sayar da tumakina. Hanne ta aika Gwarzo aka kwashe kwanukan jerenta da gadonta na aure aka sayar, ban ma sani ba sai daga baya.

A wurin yankar kati mutumin ya ce, "Wace ce uwar yarinya?" Hanne ta nuna ni da hannu.

Aka ba mu gado a ɗakin yara, aka ce mai jinya ɗaya aka yarda ya kwana ciki. Hanne ta ce ni ce, ita ta shimfiɗa tabarma a baranda. Amma wallahi jinyar ita ta yi ta. Ni hannuna na aikin ƙarfi ne, ban iya lallashi ba. Ita ta nemo kwalba mai layi-layi tana auna duk fitsarin da yarinyar ta yi, tana rubutawa da ajami a bayan kwalin magani. Ita ke dafa mata tuwo da miya ba gishiri a kan risho, can bayan ɗakin. Matar da ba ta iya haɗa ido da namiji, sai ga ta ta tare babban likita a hanya ta ce, "Likita, ka yi haƙuri, jiya uku ta yi, yau biyu, ragin nan lafiya?" Ya tsaya ya karɓi kwalin ya juya shi, ya ce da ɗalibansa su zo su gani.

Mako na uku aka yi hoton ciki. Likitan, wani siriri mai tabarau, ya zaunar da mu ya zana mana a takarda. Ya ce ƙoda biyu ce, kowace da 'yar hanyarta da ke saukar da fitsari zuwa mafitsara, a bakin hanyar kuma akwai 'yar ƙofa da ke rufewa don kada ya koma. Ya ce yana zaton ƙofofin Zulai ba sa rufewa, haka aka haife ta. In mafitsara ta cika ko ta matsa, sai fitsari ya yi sama ya koma ƙoda da dattinsa. Da bakinsu wai rifulas. Ya ce, "Duk zazzaɓin da ta yi, tabo ya bari." Ta hagu ta riga ta tsuke kamar busasshen dabino, ba ta dawowa. Ta dama akwai tabo, amma tana aiki.

"Ita kaɗai ta rage mata. A kanta za mu yi yaƙi."

Sai ya tambaya, "Tana shan ruwa sosai? Ba ta riƙe fitsari?" Ya ce abubuwan nan biyu su ke hura wutar ciwon.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hanne ta san komai, labarin kwaɗo ya je Gwarzo tun ranar da aka yi shi. Ta ce, "Daga yau za ta sha, likita." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, a gabansa da bayan idonsa. Har yau ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa da shawarwari. Kawunmu ya ce a maida yarinya gida, kada a yarda a yanka ta. Wata ta kawo saiwa a galan, wani ya aiko da rubutu. Hanne ta karɓi kowanne hannu bibbiyu da godiya. Rubutu ta ba Zulai, ta ce sunan Allah ne kuma ga ruwa. Saiwar kuwa, baƙi na juya baya ta tuttular a kwata.

Likita ya ce kafin a yi aiki sai an ga komawar fitsarin da ido. Akwai wani hoto da ake yi: a zura siririyar roba, a cika mafitsara da wani ruwa mai fitowa a hoto, sannan yaro ya yi fitsari a kwance a kan tebur ana ɗauka. Muka sayo ruwan da ƙyar, aka ba mu rana a mako na huɗu. Hanne ta shiga da ita, ni na zauna a benci a waje. Sun fi awa ɗaya. Aka buɗe famfo don ta ji ƙarar ruwa, aka lallashe ta, aka yi mata tsawa. Zulai ta ƙanƙame jiki, hawaye na zuba, ko ɗigo. Mai hoton ya gaji, ga layi a waje, ya ce a sauke ta. Ruwan ya tafi a banza, aka sake ba mu rana sai bayan mako biyu.

A cikin makon biyun nan zazzaɓi ya dawo, mai tsanani. Kwana huɗu tana rawar ɗari, fitsarin da Hanne ke aunawa ya ragu ƙwarai. Likita ya daina yi mana wasa in ya zo zagaye. Ya ce kowace rana da aka ƙara, ta dama ce ke biya. Na tsorata, tsoron da ban ji irinsa ba ko a kan huɗun da na binne, don su ba da hannuna ba ne.

Ranar hoto na biyu na sake zama a bencin nan ina jan carbi. Can sai ƙofa ta buɗe, Hanne ta fito sanye da wata riga mai nauyi da suke ba mai tsayawa a ciki. Ta zo ta durƙusa a gabana, mutane na kallo.

"Yaya, ba likita take tsoro ba. Ke ce Zulai take jira."

Shekara tara, ranar na fara jin sunan a bakinta. Ta cire rigar ta sa mini da hannunta.

Na shiga. Ɗakin sanyi ƙalau, yarinya kwance a kan tebur, cikinta ya kumbura, ta cije leɓe. Tana ganina ta ƙara matse ƙafa. Nan na gane abin da na yi. Na kama kanta na sa bakina a kunnenta, na ce, "Zulai, yi fitsarinki."

Ta ce, "A kwance nake, Goggo."

"Na sani. Yi a kwancen. Ba laifinki ba ne, bai taɓa zama laifinki ba. Ni ce na yi kuskure, ki yafe mini."

"Ba za ki gaya wa yara ba?"

"Wanda ya yi miki waƙa sai na karya masa ƙafa."

Ta yi 'yar dariya cikin kuka, sai ta saki. Mai hoton ya ce kowa ya tsaya cak. Daga baya likita ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna mana: fari-fari ya hau ta hagu, ya hau ta dama, har can sama.

Mako na bakwai aka yi aikin, aka gyara bakin hanyoyin biyu. Sabi'u ya ba da jini. Awa huɗu muna zaune, Hanne ba ta yi kuka ba, ni ce na yi ta yi tana ba ni baki. Da aka fito da ita, robobi ta ko'ina, fitsarin ja kamar zoɓo. Kwana uku ya fara washewa. Hanne ta ɗaga ledar da fitsarin ke taruwa a ciki tana dubawa a hasken taga, ta ce, "Yaya, zo ki ga." Ban taɓa zaton zan yi wa Allah godiya a kan launin fitsari ba.

Mako na tara aka sallame mu. Likita ya ce ta dama ta tsaya da ƙafarta, amma amana ce har ƙarshen rai. Maganin hawan jini kullum, ƙwaya ɗaya kafin barci, ruwa da yawa, gishiri kaɗan. Duk bayan awa biyu ta je ta yi fitsari ko ba ta ji, in ta gama ta ɗan jira ta sake yi. In zazzaɓi ya zo, kada a yi allura sai an auna fitsari.

To, ku mata 'yan'uwana, abin da zan ce muku ke nan. Yaron da zazzaɓi ke yi masa sintiri, fitsarinsa na wari, ya girma bai daina jiƙa shimfiɗa ba, ku kai a duba fitsarin nan. Kada ku hana shi ruwa, kada ku tara masa yara. Rashin sani ya fi dare duhu, ni na yi tafiya a cikinsa shekara shida. Allah ya saka wa Sista Rahila da likitan nan da alheri. Masu barin marar lafiya a layi tun safe su tafi hira kuwa, na bar su da Allah.

Saura ranar komawa gida. Tun a asibiti na yanke wa kaina hukunci. Na raba kaya, na ƙulle na Zulai daban na sa a gefen Hanne. Ba wanda ya ce mini komai, amma wa zai mayar da yarinya hannun da ya kusa kashe ta? Ko ni ce uwar ba zan yi ba. Muka shiga motar Gwarzo, Zulai a tsakiyarmu. Daga birni har muka wuce Rimin Gado ina ta kallon gonaki.

A mararrabar da ake sauka a shiga Kabo na ce direba ya tsaya. Na sauka da ƙunshina, na ce, "To Hanne, Allah ya ƙara sauƙi. Ku gaida gida." Ban kalli yarinyar ba, don na san in na kalle ta ba zan iya tafiya ba.

Sai na ji Hanne na cewa, "Direba, ɗan dakata." Ta sauko, ta sauko da Zulai, ta sauko da ƙunshin. Ta miƙo mini ledar magani da kwalbar awo. Ta kwance agogon Sabi'u da ke hannunta tun farkon jinya ta ɗaura mini.

Na ce, "Hanne, ba ki da hankali? Ni fa?"

Ta ce, "Yaya, duk ƙasar nan ba wanda zai ji tsoron ciwon nan kamarki. A gidana yara huɗu ne, ido zai rabu. A wurinki ita kaɗai ce. Kuma ranar hoton nan ke ta jira."

Direba ya yi ham. Ta durƙusa ta yi mini sallama kamar kullum. Ta ɗan taɓa kan Zulai da yatsa biyu, ta janye da sauri, ta shiga mota. Ba ta waiwayo ba. Ta gilashin baya na ga ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta na rawa, har motar ta sha kwana.

Muka tsaya mu biyu a bakin titi. Zulai ta kamo hannuna ta juya agogon ta duba, yadda uwarta ta koya mata.

"Goggo, lokaci ya yi."

Ba banɗaki a wurin, ba ko bishiya, ga masu rake da 'yan acaɓa cike da mararraba. Na cire mayafina na ware shi da hannu biyu na kare ta. Na ce, "Tsuguna, 'yata. In kin gama ki jira ki sake."